Yadda jini ke zagayawa a jiki, da abin da ya sa zubarsa ke saurin kisa

Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma zuciya na tura kwatankwacin wannan adadi duk minti ɗaya, ko da mutum yana zaune yana hutawa. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti.

Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama ne ke karɓar jinin da ya gama aiki a jiki, ya aika shi huhu, inda zai sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Daga huhu sai ya dawo ɓangaren hagu, wanda ya fi kaurin tsoka, domin shi ke da nauyin kai jini tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Akwai wasu 'yan ƙyauraye huɗu da ke hana jini komawa baya. Rufewarsu ce sautin da likita ke saurara a ƙirji. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya fara bayyana bin jini ta huhu, kafin William Harvey na Ingila ya fayyace zagayen baki ɗaya a 1628.

A yankin Birnin Gwari da dajin Kamuku, inda aka sha fama da raunukan harbi da haɗurran mota, kuma Kaduna na da nisan fiye da kilomita 100, wannan ilimi ya wuce na aji. Jijiyoyin da ke fita da jini daga zuciya suna cikin matsi mai ƙarfi. Idan aka yanke ɗaya, kamar babbar jijiyar cinya, jini ja jawur kan yi tsartuwa daidai da bugun zuciya, kuma mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintoci. Na jijiyoyin da ke mayar da jini ya fi duhu, kwarara yake yi. Asarar lita 2 kan sa bugu ya yi sauri amma ba ƙarfi, jiki ya yi sanyi, hankali ya fara gushewa.

Saboda haka likitoci ke cewa a danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, ba tare da ɗagawa don dubawa ba. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau a saman raunin, wato ta wajen zuciya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a shaida wa ma'aikatan asibiti.