Layin Dogon Kano zuwa Nguru da Ƙasar Kazaure: Dalilin da Ya Sa Jirgi Ya Yi Gabas Bai Yi Arewa Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin siririn layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930, domin amsa tambaya guda: me ya sa ya ratsa gabashin ƙasar da ta zama Jihar Jigawa, ya bar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura? An auna bayanai biyu da aka saba ji, na duwatsu da na fushin Turawa, aka ga ba su da madafa. Matsayar maƙalar ita ce kusancin yankin da Kano ne ya hana shi dogo, domin gyaɗarsa tana isa tashar Kano a kan jaki da raƙumi, daga baya a mota, ba tare da gwamnati ta shimfiɗa ƙarfe ba.

1. Gabatarwa

A 1907 gwamnatin Ingila ta amince a shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Gwamna Lugga ya so a yi ɗan ƙaramin layi mai arha, amma wanda ya gaje shi, Percy Girouard, injiniyan dogo ne, kuma a hannunsa aka tsaya a kan faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, daidai da layin da ya taso daga Legas. Da ƙarfin talakawan da hakimai da dagatai suka tara aka yi aikin, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya adana labarinsa a Waƙar Diga. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya da fasinja a 1912.

Bayan kusan shekara 20 aka ƙara wa layin rassa biyu a arewa. Na farko ya tashi daga Zariya, ya bi Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Na biyu ya tashi daga Kano, ya bi Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Wanda ya ɗora rassan nan a kan taswira zai ga fili mai faɗi a tsakaninsu babu ƙarfe ko taƙi guda: Ɗambatta, Kazaure, Daura da Katsina. Wannan gurbi shi ne abin binciken.

2. Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Hogendorn (1978) ya nuna cewa Turawa auduga suka sa rai jirgi zai kwaso wa masaƙun Ingila, sai manoman Kano da fataken goro irin su Alhassan Ɗantata suka juya akalar zuwa gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar na gyaɗa ya tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Shenton (1986) da Watts (1983) sun ja hankali zuwa ga harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya, da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, don nuna cewa manomi bai shiga gyaɗa da zaɓinsa kaɗai ba. Waɗannan ayyuka sun yi bayanin abin da ya cika taragu, amma hankalinsu yana kan Kano da kewayenta, ba kan zaɓin hanyar rassan ba.

Jayayyar wannan maƙala tana tare da bayanai biyu da ke yawo a bakin mutane, har suna shiga rubutun ɗalibai. Na farko cewa yake duwatsun Kazaure da Roni ne suka tare hanya. Wannan ba ya tsayuwa, domin injiniyoyin nan sun hau tsaunin Jos da wani layi mai faɗin milimita 762 daga Zariya, ya kai Jos da Bukuru a 1914, saboda kuza kawai. A 1927 suka sake hawa tsaunin ta Kafanchan da babban layi, ƙaramin kuma ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957. Wanda ya hau Jos sau biyu, tuddan Roni ba za su mayar da shi ba, musamman da yake akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta wajen Ɗambatta da Ɓaɓura.

Na biyu cewa yake Turawa sun hana wasu masarautu dogo don huce haushi. Kano ta yi yaƙi da su a 1903, kuma ita ta zama babbar tasha. Haɗeja ta yi yaƙi a 1906 har aka kashe Sarki Muhammadu, amma dogo ya ratsa ƙasarta ta Malam Madori da Birniwa. Gaskiya ne bai shiga birnin Haɗeja ba, sai dai bai shiga Gumel ba ita ma, alhali Gumel ba ta ɗaga takobi ba. Reshen Ƙaura Namoda shi ma bai kai Sakkwato ba. Ashe gidan sarki ba ya cikin lissafin masu zana hanyar.

3. Hanyar Bincike

An dogara da ayyukan tarihi da aka buga, da taswirar layin da ta hanyoyin mota, aka kwatanta nisan garuruwa daga tasha mafi kusa kafin 1930 da bayanta. An ɗauki zangon ayarin jakuna a matsayin kilomita 25 zuwa 30 a yini don mayar da nisa zuwa kwanakin tafiya.

4. Sakamako: Nisan Gona da Tasha

Kafin gyaɗa ta ga tarago, tana da doguwar hanya. Da kaka a tuge ta, a shanya, a tsige, mata su ɓare ta a turmi, su sheƙe. Daga nan mai gida ya auna abin da zai kai don haraji da tufafin iyali. 'Yan baranda su saya da mudu ko tiya a kasuwar ƙauye, su ɗura a buhu, a ɗinke baki. Buhu wajen 13 ne ke cika tan guda, jaki kuwa da ƙyar yake ɗaukar buhu ɗaya. Ke nan tan guda na buƙatar ƙaramin ayari, da masu kora, da guzurinsu, da harawar dabbobi, zuwa da dawowa. Duk wannan daga kuɗin da za a biya a gaban sikelin kanti ake cire shi, domin kamfani a kan farashin tasha yake saye, ba ruwansa da inda buhu ya fito.

A nan ne nisa ya zama hukunci. Daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne, wato kwana uku a ƙafar jaki. Roni da Gwiwa da Ɓaɓura sun ɗan ɗara haka, amma duk ba su wuce abin da ɗan kasuwa zai je ya dawo da riba ba. Daga Nguru kuwa, kilomita 230 na nufin kwana takwas ko tara. Kafin ayari ya shiga Kano, dako ya cinye ribar, don haka manomin can ba shi da dalilin faɗaɗa gonar gyaɗa. Kowace mil ta dogo da aka shimfiɗa gabas tana jawo sabuwar ƙasa cikin ciniki: jigawar Gumel ta fito ta Gagarawa, ƙasar Haɗeja ta Malam Madori, yammacin Barno ta Nguru, wadda ta ƙara da shanu da fatu da ƙaro da busasshen nama. Malam Madori shaida ce a fili, domin tashar ce ta mayar da ita garin kantuna da ciniki.

Dogon da za a shimfiɗa zuwa Kazaure ba zai kawo wa reluwe sabon kaya mai yawa ba. Buhun da zai ɗauka, ko babu shi yana zuwa Kano. Abin da zai yi kawai shi ne ya rage wa manomi da ɗan kasuwa kuɗin dako, wannan kuwa ba shi ne abin da ake gina layi dominsa ba a wancan zamani. Wahalar kwana ukun nan ba ta shiga littafin baitulmali, a wuyan talaka take.

Mai ja zai ce Ringim ma ba ta fi Kazaure nisa da Kano ba, ga shi ta sami tasha. Amsar ita ce Ringim a kan hanya take. Layin Nguru ya nufa, dole ya bi ta wani wuri, sai ya biyo ta ƙasar Ringim. Haka nan ya raba hakimai biyu na Kano a lokacin: Ringim ta sami dogo, Ɓaɓura ba ta samu ba, ko da yake yau masarauta ɗaya suke.

Akwai kuma batun iyaka. Layin da ya miƙe arewa daga Kano zai wuce Kazaure da Daura ya ci karo da ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin cikin ɗan gajeren nisa. Na gabas kuwa yana tafiya kusa da iyaka tsawon hanyar, yana cikin ƙasar da Ingila ke mulka, yana kuma janyo kayan Damagaram ta Maigatari da Nguru. Abin da ya rage na arewa sai mota ta ɗauke shi. Tun daga shekarun 1930 manyan motoci suka fara karɓe aikin jaki da raƙumi, kuma hanyoyi biyu suka ratsa yankin: ta Kazaure da Daura da Kwangwalam zuwa Matamaye, da ta Ɓaɓura da Babban Mutum zuwa Magarya. Gyaɗar kudancin Nijar ta daɗe tana bin su zuwa tashar Kano, har sai da Faransawa suka ɓullo da wani shiri a 1953 don karkatar da kaya zuwa dogon Faraku da tashar ruwan Kwatano. Da zuwan mota, ɗan dalilin da ya rage na shimfiɗa dogo a arewa ya tafi.

Saboda haka kuskure ne a rubuta tarihin yankin kamar jirgi bai taɓa shi ba. Farashin gyaɗa a kasuwar Kazaure ko Ɓaɓura na tashar Kano ne, an cire dako. Dalar gyaɗar da ta taru a Kano bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jirgi ya kasa kwashe kaya a kan kari, akwai gumin manomin Roni da na Gwiwa a cikinta. Da fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, yankin ya faɗi tare da garuruwan da ke bakin dogo. Ya yi wa layin hidima, bai sami tasha da ayyuka da kasuwar da tasha ke haifarwa ba.

5. Iyakokin Bincike

Binciken ya tsaya a kan gyaɗa da nisa, bai shiga batun fasinja ko auduga ko cinikin shanu ba. Ma'aunin zango kuma ƙiyasi ne, yana sauyawa da rairayi da yanayi da nauyin kaya. Amma ko an ƙara ko an rage masa, tazarar da ke tsakanin kwana uku da kwana tara ba za ta rufe ba.

6. Kammalawa

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai faɗin milimita 1,435 da tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil. An tsara ya bi Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato ainihin gurbin da aka bari a 1930. Iyakar da ta kore dogo a da, ita ce yanzu take kiran sa.

Darasin tsohon layin shi ne abin da manomi ke samu ya rataya ne a kan kuɗin da ke tsakanin gonarsa da tarago. Idan tashar Kazaure ta zama ta fasinja kaɗai, ko kayan Maraɗi suka riƙa wucewa ba tsayawa, mai riɗi da zoɓo a Ɓaɓura da mai tumatir a bakin dam ɗin Kazaure za su ci gaba da biyan dako zuwa Kano kamar kakanninsu. Ya wajaba Gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin nan huɗu su nemi a tanadi wurin lodi da sito da sikeli a tashar, su kuma gyara hanyoyin da za su haɗa ta da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura kafin jirgi ya fara aiki.