Wajibi, Mustahili, Ja'izi: Ma'aunin da Ɗalibi Zai Hau Mumbari da Shi

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, aikinta horar da injiniyoyi da masana kwamfuta ne. Amma ɗalibin da ya tashi gabatar da takarda kan ƙirƙirarriyar basira, ko ya so ko bai so ba, ya shiga gonar falsafa. Da zarar wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "To, na'urar nan tana tunani ne ko kwaikwayo take yi?" lissafi ya ƙare, mahawara ta fara.

A ganina, abin da ke kayar da ɗalibai a irin wannan zama ba ƙarancin karatu ba ne. Rashin tantance irin hukuncin da ake nema ne. Kuma ma'aunin tantancewar yana nan a zaurukan malamanmu tun da daɗewa. Shaihu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku a littafinsa Muƙaddimat: na shari'a, na al'ada da na hankali. A Ummul Barahina kuwa, wadda almajiran ilimi ke biyawa a tauhidi, ya raba na hankali zuwa wajibi, mustahili da ja'izi.

Hukuncin al'ada shi ne wanda maimaituwa ta tabbatar. Imam Gazali ya kawo misalin wuta da auduga: kullum muna ganin ƙonewa idan sun haɗu, amma ganin haɗuwar bai nuna cewa hankali ya wajabta ta ba. Kusan wannan matsalar ce David Hume ya tayar a 1748, ko da yake inda ya dosa daban ne. Kimiyyar gwaji gaba ɗayanta a wannan gida take zaune, kuma ba raini ba ne a faɗi haka. Ƙarfinta ke nan, domin gwajin gobe na iya gyara na yau.

A ɗora tambayar na'ura a kan wannan ma'auni. Lokacin da Alan Turing ya ba da shawara a 1950 cewa a gwada na'ura ta hanyar hira, ya mai da tambayar ta al'ada: me muka gani ta yi? John Searle, da misalin ɗakin Sinanci a 1980, ya ce jujjuya alamomi bisa ƙa'ida ba fahimtar ma'ana ba ne, wato ya mai da ita gidan hankali. Ɗalibin da ya kawo hujjar Turing don rushe Searle, ko ya jawo aya don warware sakamakon gwaji, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Wani zai ce wannan tsohon ilimin kalam ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi raddi ga masu kalam. Gaskiya ne, sai dai waɗanda ya soka su ne masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjoji ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa a 1804, ya yi rubutu kan falsafa da matakan samuwa a cikin daular Sakkwato, kuma matafiyi Heinrich Barth ya same shi a Wurno a 1853 ya yaba zurfin iliminsa.

Abin da zaure bai cika koyarwa ba shi ne tsayawa gaban sa'o'i ana yi maka tambaya. Can malam ke fassara, almajiri na cewa "na'am". A nan kuwa aji ya fi zaure. Don haka malamin da ke sa maki ya rage kallon kyan hotunan da aka haska a bango, ya fara da tambaya guda kafin ɗalibi ya yi nisa: da'awar nan taka, gwaji zai iya ƙaryata ta, ko kana cewa akasinta mustahili ne?