Tukwanen Hopi da Puwebulo: daga kashin tumaki zuwa bayan gilashi



Malam makiyayi, da za a ce maka akwai tukunyar ƙasa da aka gasa da kashin tumaki, aka kuma sayar da ita dala 350,000, ai cewa za ka yi tatsuniya ce. To an yi. A 2010 aka yi gwanjonta a Amurka. Matar da ta gina ta sunanta Namfeyo, ta rasu tun 1942.

Mutanen Hopi suna zaune ne a jihar Arizona, a kan wasu tsaunuka uku masu shimfiɗaɗɗen kai, cikin ƙasa busasshiya mai ƙarancin ruwa. 'Yan'uwansu da ake kira Puwebulo suna jihar Niyu Meziko, garuruwa 19 ne, irin su Zuni da Akoma da Ziya. 'Yan asalin wurin ne, sun fi shekara dubu suna noman masara da ginin tukwane kafin Bature ya iso. Da hannu suke gini. Mace za ta murza yumɓu ya yi kamar igiya, ta riƙa naɗa shi tana ɗorawa, ta goge jikin da dutse mai santsi har ya yi ƙyalli. Abin zanen kuwa ganyen wani tsiro ne da ake kira yuka, a tauna bakinsa kamar asuwaki.

A da, Hopi da kwal suke gashi, wanda suke haƙowa a gindin tsaunukansu. Mutanen Sifaniya, waɗanda suka fara leƙo yankin a 1540 suka kafa mulki a 1598, su suka kawo tumaki. Sannu a hankali busasshen kashin tumaki ya maye gurbin kwal. Ka ga ke nan garke da tukunya sun daɗe tare a can.

A 1848 Amurka ta karɓe yankin daga hannun Meziko bayan yaƙi. Mutanen ba su gusa ko'ina ba, iyaka ce ta tsallake su. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Daga nan baƙi suka fara zuwa. A 1879 cibiyar Simitsoniyan ta Washintan ta aiko ayari ƙarƙashin wani Jems Sitibinsan, cikin 'yan shekaru suka kwashi dubban tukwane daga Zuni da sauran garuruwa. Hujjarsu wai waɗannan mutane sun kusa ƙarewa, gara a adana kayansu. A wajajen 1880 jirgin ƙasa ya iso Niyu Meziko, ya kawo bokitin ƙarfe da tasa, ya kuma kawo 'yan yawon buɗe ido. Tulun da ake ɗaukar ruwa da shi ya koma kayan tsaraba.

Kai ɗan kasuwa, dubi Tomas Kim, wani mutumin Ingila da ya buɗe kanti kusa da tsaunukan Hopi. Yana ba da kayan masarufi yana karɓar tukwane, sababbi da waɗanda aka tono daga kufai. A 1892 ya sayar da tarinsa gaba ɗaya, yau suna gidan tarihi na Jami'ar Habad. Sunan mai kanti yana kan tarin har gobe. Matan da suka gina tukwanen, yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu.

Namfeyo ce ta fara fasa wannan shirun. Tana tsintar tsingaro a kufan Sikyatki, wani tsohon garin Hopi da ya watse tun ɗaruruwan shekaru, tana nazarin zanen tsuntsaye da gashin fiffike da ke jiki, ta dawo da su kan tukwanenta. A 1895 wani mai bincike, Fiyukis, ya tone makabartar wannan kufan ya tafi da ɗaruruwan tukwane Washintan. Ita kuwa ta ci gaba da gini, har aka kai ta Shikago a 1910 tana yi a gaban jama'a. Da idonta ya raunana ba ta daina ba: tana gini da lalube, iyalinta suna zane. Jikokin jikokinta na sana'ar har yanzu. A garin San Ildefonso kuma Mariya Matines da mijinta Huliyan sun yi suna da baƙar tukunya mai sheƙi. Sirrin shi ne a turbuɗe wutar da garin kashin dabbobi, hayaƙi ya kama jikin. Ita ta riƙa sa hannu a gindin tukunyarta, mai saye ya san aikin wa ya saya.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne kabari. Tukwane da yawa da ke bayan gilashi ba a kasuwa aka same su ba. Akwai kwanonin ƙasa na mutanen Mimbires masu huji a tsakiya, waɗanda ake kifawa a kan fuskar mamaci. Masu neman kuɗi har da katafila suka riƙa tone su. A 1891 wani saurayi ɗan Suwidin, Nodenshold, ya kwashi gawarwaki da kaya daga Mesa Bade. An tsare shi, aka duba aka ga babu dokar da ya karya, aka sake shi. Kayan suka ƙare a gidan tarihin ƙasar Finlan. Sai a 2020 aka dawo da ƙasusuwan mutum 20 da kayan kabari 28, Hopi da Zuni da Akoma da Ziya suka sake binne su. Shekara 129 ke nan.

A ganina ba a kyauta ba, ko da an ce adanawa aka yi. Na yarda da ba don gidajen tarihi ba da wasu tukwanen sun farfashe, kuma magina na yau suna zuwa can su ga aikin kakanninsu. Amma adana tulun ruwa daban, tone kushewa daban. Mutanenmu na yammacin Nijar sun ga irin wannan a Bura, inda aka gano tulunan binne mamata a 1975, daga baya dillalai suka tone wuraren suka tsallaka iyaka da kayan. Ɗan'uwa, in an miƙo maka tsohuwar tukunya a buhu aka ce ka ƙetare da ita, tambayi inda aka haƙo ta.

A Amurka doka ta zo a 1990, ta tilasta wa gidajen tarihi masu cin kuɗin gwamnatin tarayya su mayar da ƙasusuwa da kayan kabari da na ibada. Aikin ya yi tafiyar hawainiya. A Janairun 2024 aka ƙara tsaurara ta: ba a baje irin waɗannan kaya sai da yardar masu su, har wasu manyan gidaje a Shikago da Niyu Yok suka rufe akwatunan gilashinsu. Kafin nan, a 2022, an yi wani baje koli a Santa Fe inda 'yan Puwebulo kusan 60 suka zaɓi tukwanen da kansu, kowa ya rubuta bayanin wadda ya ɗauka. A 2023 aka kai shi babban gidan tarihi na Metirofolitan a Niyu Yok.