Endokadaitis: Ciwon zuciyar da ake ɗauka maleriya ce

Endokadaitis kumburi ne da ke kama siririyar fatar da ta lulluɓe cikin zuciya, musamman ƙofofinta huɗu masu buɗewa da rufewa domin kada jini ya koma baya. Galibi ƙwayoyin bakteriya ke haddasa shi. Sukan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori ko maruru ko allura marar tsabta, su manne a jikin ƙofa su yi tsiro. Tsiron kan cinye ƙofar, ko wani ɓangarensa ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun 1885 likita William Osler ya yi cikakken bayanin cutar a Landan, amma kafin fenisilin ya wadata a shekarun 1940, kusan duk wanda ta kama ba ya tashi.

Ƙwayoyin sun fi samun mazauni a ƙofar da ta riga ta lalace. A Turai da Amurka tsofaffi da waɗanda aka dasa wa ƙofar roba ko ta ƙarfe suka fi shiga haɗari. A ƙasashe irin Najeriya kuwa, sau da yawa tushen yana ƙuruciya: ciwon maƙogwaro da ƙwayar sitireftokokus ke jawo wa yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a magance shi ba, bayan mako biyu ko uku yana iya rikiɗa zuwa zazzaɓin rumatik, inda garkuwar jiki ke juyowa kan ƙofofin zuciya ta bar musu tabo. Cire belu a wurin wanzami ba ya kashe wannan ƙwaya. Fenisilin ke kashe ta. Yaron da ya taɓa yin zazzaɓin kuma yana buƙatar allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. A watan Mayun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan wannan matsala.

Alamominta ne ke ruɗar mutane: zazzaɓin da ya ƙi sauka, gumin dare, kasala, rama, haki. A gari irin Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal a Jihar Sakkwato, abin da kowa zai fara zato shi ne maleriya ko taifot, a nufi kemis. Nan ɓarnar take, domin maganin kashe ƙwayoyi da aka sha barkatai kan hana ƙwayar bayyana a gwajin jini daga baya. Tabbatar da cutar na buƙatar renon ƙwayoyin jini a ɗakin gwaji da hoton zuciya na eko, abin da kan tilasta wa majinyaci daga Tambuwal ko Kebbe tafiya babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Jinya kuwa allura ce ta jijiya tsawon mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har da tiyatar sauya ƙofa, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daga irin wannan asusu ya kamata fenisilin ɗin da zai tare cutar tun tana maƙogwaro ya isa ƙananan asibitocin mazaɓu.