Yadda salula ta shigo Nijar: hukuma ta buɗe ƙofa, kasuwa ta ci

Kwanan baya wani ɗalibina ya tambaye ni a aji: "Mushe, me ya sa gwamnati ba ta barin ƴan kasuwa su sha iska?" Babansa yana da ƙaramin shagon sayar da waya da caji, kuma a gida kullum zancen takardu da haraji yake ji. Na ce masa ya ba ni mako guda. Amsar da na kawo masa ita ce nake so in raba da ku, iyaye da ƴan uwana malamai, domin tarihi ne da yawancinmu muka gani da idonmu.

Lokacin da aka fara tura ni koyarwa a wani ƙauye na jihar Tawa, kafin shekarar 2000, idan ina son sanin lafiyar gida sai in rubuta wasiƙa in ba direban motar kasuwa. Labarin rashin lafiyar mahaifina kwana uku ya yi a hanya kafin ya iso ni. Rasuwa kuwa sau da yawa a sanarwar rediyo ake jin ta. A wancan zamani layukan tarho a duk faɗin ƙasar ba su wuce wajen 20,000 ba, ga mutane sama da miliyan 10, kuma mafi yawansu a Yamai suke, a ofisoshi da gidajen manya. Harkar waya duka tana hannun gwamnati, ita ce mai kaya, ita ce mai yanka farashi, ita ce kuma alƙali idan ka kai kuka.

A 1997 aka raba tsohon ofishin gidan waya gida biyu, aka kafa SONITEL don harkar sadarwa. A 1999, zamanin mulkin riƙon ƙwarya, aka yi dokar da ta ba ƴan kasuwa damar shiga wannan fage, aka kuma kafa hukumar ARM, wadda aka ɗora wa sa ido kan sadarwa da ruwa da makamashi da sufuri. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a labarin, ko da yake ba a cika tuna shi ba. Mai jari ba ya kawo biliyoyinsa ya kafa turaku a daji sai ya tabbata cewa wanda zai yi masa hukunci ba abokin gasarsa ba ne. Bayan haka aka ba da lasisi, Celtel ta fara aiki a 2001, SahelCom da Telecel suka biyo baya, Orange ta shigo a 2008. Sunaye sun yi ta canzawa: Celtel ta zama Zain sannan Airtel, Telecel ta zama Moov, Orange ta koma Zamani bayan 2019, SONITEL da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom a 2016. Ita ma hukumar ta zama ARTP, yanzu ARCEP.

Na kwatanta wa ɗalibina aikin irin wannan hukuma da aikin sarkin kasuwa. Shi ba ya sayar da hatsi, amma shi ke raba rumfuna, shi ke tabbatar da tiya ɗaya ake awo da ita, shi ke hana babban attajiri toshe hanyar da ƙaramin ɗan tireda zai bi. A harkar waya, rumfa ita ce mitar iska da ake raba wa kowane kamfani don kada su shiga na juna. Hanya kuwa ita ce wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu, ta yadda mai wannan layi zai iya kiran mai wancan. Da ba a tilasta haka ba, wanda ya riga kowa zuwa zai rufe ƙofa, sabon shiga ya mutu tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Tiya kuma ita ce ingancin kira da gaskiyar farashi, wanda a kansa hukumar ta ci tarar kamfanoni huɗu biliyoyin sefa a 2017.

Abin da ya biyo baya babu ma'aikacin ofis da ya tsara shi. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake. A da, ɗan kasuwar Maraɗi sai ya hau mota ya je Damagaram ko Bakin Birji kafin ya san kuɗin buhun gero. Yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai hatsi ya tashi daga inda ya yi araha ya nufi inda ake buƙata. A kan wannan rezo ne masu caji da masu gyaran waya da masu sayar da kati suka samu abin yi, har da baban ɗalibin nawa.

Darasi na biyu daga harkar aika kuɗi ta waya yake, kuma a nan sai mun leƙa waje. A watan Maris na 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a Kenya. Babu dokar da ta san irin wannan abu a lokacin. Babban bankin Kenya yana iya cewa a dakata sai an yi doka, amma sai ya ba da takardar cewa ba ya da ja, tare da sharuɗɗa: kuɗin jama'a a ajiye su amana a banki, kada kamfanin ya ba da rance da su, a kuma iyakance adadin da za a aika a lokaci guda. Da bankuna suka yi ƙorafi, aka binciki tsarin, aka same shi lafiya. Dokar kanta sai a 2011 ta zo, bayan hukuma ta ga yadda abin ke tafiya. Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi wata hanya: ƙa'idar babban bankinta ta 2009 ta hana kamfanonin waya jan ragamar wannan harka, sai a 2018 aka sassauta, MTN da Airtel suka samu cikakken izini a 2022. Tsoron da ya sa haka ba na banza ba ne, domin kuɗin talaka ake magana. Amma jinkirin ma talakan ne ya biya shi.

Mu namu babban banki, BCEAO, tun 2006 ya yarda wanda ba banki ba ya fitar da kuɗin waya, ya kuma sabunta ƙa'idar a 2015. A 2010, shekarar ƙarancin abinci, har an raba tallafi ta Zap a ƙauyukan jihar Tawa. Duk da haka, ajiye kuɗi a waya bai kama ƙasa a nan ba kamar yadda ya yi a Senegal ko Kodebuwa. Mutanenmu sun fi sakin jiki da gidajen aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da BNIF Afuwa, inda za ka miƙa kuɗi hannu da hannu, a kira ɗan uwanka ya je ya karɓa. Wannan ma ƙirƙira ce, ta gida, wadda ta dace da mutumin da bai iya karanta saƙo ba.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Hukuma tana iya buɗe ƙofa, amma ba za ta iya shiga a madadin wanda bai iya karatu da lissafi ba. Shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda aka yi a jihohin Doso da Damagaram daga 2009, ya nuna cewa manyan da aka koya wa karatu tare da amfani da salula sun fi takwarorinsu cin jarrabawar rubutu da lissafi. Wayar ta ba su dalilin ci gaba da karatu bayan an tashi daga aji.

Saboda haka na ce wa ɗalibina kukan babansa yana iya zama gaskiya, domin akwai takardar da ba ta kare kowa, sai cin lokaci da kuɗi. Amma kada ya yi fatan kasuwar da ba ta da sarki, don a irin wannan kasuwa mai ƙarfi ne ke yanka farashi. Duk dokar da ya ci karo da ita, ya tambaya: wa take karewa, wa kuma take hana shiga? Yaran da ke gabanmu yau, wasu za su buɗe shago, wasu za su zauna a kujerar ba da izini. Ya kamata dukansu su fita daga hannunmu sun san wannan tambaya. Allah ya sa mu dace.