Barci da Ganuwa a Ƙasar Gobir

Masu koyar da dabarun barci a wannan zamani sun ɗauki rashin barci ciwon mutum ɗaya ne: shi da shimfiɗarsa da tunanin da ke cin ransa. Tarihin Sabon Birni da Isa bai goyi bayan wannan fahimta ba. A wannan yanki na gulbin Rima, barci abu ne da gari ke tanadar wa mutanensa kamar yadda yake tanadar musu rijiya, kuma duk sa'ad da tsarin tsaron dare ya rushe, ido yakan ƙi rufuwa ko da mai shi lafiyarsa ƙalau.

Garuruwan nan biyu yaƙi ne ya haife su. Bayan da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa sun yi shekaru ba su da tsayayyen mazauni. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su a Gawakuke, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle daga baya ya kafa Sabon Birni. A ɗaya ɓangaren, Sakkwato ta jera garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, Isa na cikinsu, shi ya sa har yau sarkinta ke amsa sunan Sarkin Gobir. Ribaɗi kuwa ba komai ba ne illa rabon aikin dare: wasu kaɗan su kwana ido biyu a kan ganuwa domin sauran jama'a su yi barci. Rana na faɗuwa a shigo da dabbobi, a rufe ƙofa, mai tsaronta ya zauna. A cikin ganuwar ne sauran al'adun dare suka samu wurin tsayuwa: tuwon dare, sallar isha'i, tatsuniyar da ba a yi wa yara sai duhu ya yi, hirar zaure, addu'ar kwanciya, sannan kiran assalatu da ke tayar da gari duka a lokaci guda. Malaman wancan zamani ba su jahilci alaƙar nan ba, domin a Suratul Anfal an ambaci gyangyaɗin da ya sauko wa Musulmi a Badar a matsayin alamar aminci.

Mai ja zai ce wannan yabon jiya ne kawai, ai ƙarni na 19 cike yake da hari da kamun bayi, wa ya yi barci mai daɗi a lokacin? Gaskiya ne hatsarin bai gaza na yau ba. Bambancin yana wajen wanda ke ɗauke da nauyin fargabar. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 hare-haren iyaka suka lafa, manoma suka fita daga birane suka yi tunga kusa da gonakinsu, ganuwa ta zaizaye ba mai yi mata yaɓe, tsaro ya koma hannun hukumar da ke nesa. Shekara ɗari wannan tsari ya yi aiki. Da 'yan bindiga suka kunno kai, sai suka tarar da ƙauyuka a buɗe. Mutane fiye da 70 aka kashe a ƙauyukan Sabon Birni cikin Mayun 2020, an ƙona matafiya a mota a Disambar 2021, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Gidan Rumji da kewayen Maraɗi. Wanda ya rage a ƙauye shi ne maigida, shi ne mai gadi, kunnensa na kan ƙarar babur har gari ya waye.

Wannan ne ya sa ya kamata a yi hattara da dabarun da ake shigowa da su. Hanyar da wani masani, Richard Bootzin, ya fito da ita a 1972 ta ce kada ka kwanta sai barci ya kama ka, in ya ƙi zuwa ka tashi daga shimfiɗar, kuma ka riƙa farkawa a lokaci ɗaya kullum. Wani masanin kuma, Arthur Spielman, ya ƙara da taƙaita zaman gado a 1987, kuma a 2016 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa irin wannan horo gaba da ƙwaya. Dabaru ne masu inganci, wasunsu ma, irin su tsayayyen lokacin tashi, sallar asuba ta daɗe da shimfiɗa su a nan. Sai dai an gina su ne a kan zaton cewa ɗakin lafiya lau yake, zuciya ce ke ƙirƙiro abin tsoro. Faɗa wa mutumin da ke kwana a cikin dawa da iyalinsa cewa damuwarsa ta wuce kima, rashin sanin halin da yake ciki ne. Farkawarsa hankali ne.

Ba a ce horon ba shi da gurbi ba. Gurbinsa yana wajen waɗanda suka riga suka tsira, suna birnin Sakkwato ko sansanin gudun hijira, amma jikinsu bai daina gadi ba: ƙarar ƙofa ta zaburar da su, su kai asuba suna juyi. Wasunsu kemis suke nufa su sayi diazepam ba da takardar likita ba, ƙwayar da ke kama jiki in an daɗe ana sha. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ya yi wa mutumin Isa nisa, ga hanyar ba ta da tabbas. In za a koyar da dabarun, a koya wa ma'aikatan asibitocin karkara da limamai da ungozomomi, da Hausa, a kuma yi wa mutane rukuni-rukuni, tunda maƙwabtan da suka gudo tare sun fi kowa sanin abin da ke tayar da junansu cikin dare.