Tarihin Fiyano a Ƙasarmu da Hannayen da Suka Riƙe Shi

Duk wanda ya halarci biki a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela a wannan zamani, ya ga saurayi tsaye bayan dogon allo mai maɓallai farare da baƙaƙe yana fitar da amon kalangu da sarewa daga cikinsa, zai zaci jiya aka haifi wannan sana'a tamu, alhali kuwa tana da asali mai nisa wanda ya wajaba masu cin abinci da ita su sani.

Fiyano na ainihi, wanda ba ya bukatar lantarki, wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙaga shi wajen shekarar 1700, ya sanya 'yan guduma suna bugun tsirkiya gwargwadon nauyin yatsa, har zamani ya kai maɓallansa 88. A can Turai ɗalibin wannan fanni tun yana yaro yake zama gaban malami, ya koyi karatun kiɗa rubutacce, ya haddace shi, ya shekara goma ko fiye yana maimaici kafin ya ƙware. Kuma suna kiyaye silsilar malamansu yadda almajiranmu suke kiyaye isnadin ijazarsu, domin Beethoven ne ya karantar da Czerny, Czerny kuma ya karantar da Liszt, wanda wajen 1840 ya shahara da zama shi kaɗai gaban taro, babu mawaƙi babu amshi, yatsunsa kawai suna bayani.

Mu kuwa a Adar da Gobir al'adarmu dabam take, sabili da a wurinmu kalma ce sarauniya, kiɗa kuma hadiminta. Makaɗi yakan gaji sana'a a gidan ubansa, ya fara da amshi, sa'an nan ya nemi ubangidan da zai yi wa waƙa, kamar yadda Narambaɗa ya lazimci fadar Sarkin Gobir na Isa. Ɗan Gurmu na Tawa ma, wanda hukuma ta raɗa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, a wannan tafarki na baka da kunne ya yi fice. Saboda haka kiɗan da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da baiti ba, baƙon abu ne ga kunnuwanmu.

Mutumin da ya sabar wa 'yan Nijar da shi, shi ne Malam Mamman Sani Abdullahi, tsohon ma'aikacin UNESCO, wanda a wani taro ya sayi ƙaramin fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla daga hannun wakilin Ruwanda, ya duƙufa yana zuba masa karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar nan. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, wanda bai wuce kwafi ɗari ba; amma da yake rediyo da talabijin sun riƙa sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sai ya zamana kowane gida ya san amon, kaɗan ne suka san sunan mai shi, har sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin a 2013, aka gayyace shi wasa a Turai bayan furfura ta riske shi.

Hanya ta biyu daga Kano ta ɓullo, lokacin da masu shirya finafinai suka rungumi Yamaha a shekarun 1990, fim ɗin Sangaya kuma ya tabbatar da kiɗan fiyano a kasuwa. Kasa-kasai suka biyo ta Sakkwato, suka ƙetare iyaka, suka cika rumfunan Ƙonni. Mafi yawanmu ta nan muka shigo, da kunne muka koya, muka tarar baƙaƙen maɓallan nan, biyar-biyar a kowane jeri, sun yi kusa da karin da iyayenmu suke rerawa. Sai dai sauƙin ya zo da illarsa, domin na'urar da kanta take buga gangar idan an danna mata, yaro ɗaya ya maye gurbin makaɗa shida, hannun hagu kuma ya mutu da zama.

Abin da muka rasa shi ne tarbiyyar malami, wadda Baturen fiyano da makaɗin fada duka suka yi tarayya a kanta. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana nan a Yamai, tsofaffin masu kalangu da goge kuma ba su ƙare a ƙauyukan Adar ba. Wanda yake son a ambace shi cikin tarihin wannan fanni, lalle ne ya kashe gangar na'ura, ya je ya durƙusa gaban ɗayansu tun suna da rai.